Gangar 'Yan Baya

Lahadi, 2 ga Nuwamba, 2014

An hana ganga. Na rubuta na sake karantawa, har yanzu bai zauna mini ba.

Kwamitin gasar ƙwallon unguwanni sun zauna jiya, bayan bam ɗin da ya tashi a tashar mota ranar Juma'a. Daga yanzu ba mai shiga fili da jaka, ko kula, ko wani abu rufaffe. Abdulrazak, shugaban 'yan sintirinmu na Nasarawo, shi ya kawo mini saƙon har shago, ina cikin kwance fankar wani. Ya ce, "Jibo, har da Goggo fa." Goggo ita ce gangata, 'yan kallo suka sa mata sunan saboda faɗinta. Na ce Goggo jaka ce? Ya ce rabin duro ce an rufe ta da fata gaba da baya, wa ya san abin da ke ciki. Na ce ni na sani, iska ce. Ko murmushi bai yi ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wallahi ban raina abin ba. Amma shekara tara ina kaɗa wa Damisar Nasarawo gangar nan, ko ƙuda ba ta taɓa kashewa ba.

Talata, 4 ga Nuwamba

Abin da kwamiti ba su sani ba, ni kuma ba ni da bakin faɗa musu: Goggo ba kiɗan nishaɗi kawai take yi ba.

'Yan bayanmu ba su da gudu. Matiyu, kyaftin ɗinmu, shekararsa talatin da huɗu, gwiwarsa ta hagu kuma sai addu'a. Shekara huɗu da suka wuce ni da Koci Cornelius muka shirya abin. Ina zama a saman benci na ƙarshe, inda nake hango layin baya gaba ɗaya. In na ga ɗan gabansu ya fara laɓewa, sai in tsayar da kiɗa in yi bugu ɗaya mai nauyi. 'Yan baya huɗu su taka gaba tare, a bar shi a satar gida, mai tuta ya ɗaga. Bugu biyu, a ja baya. Shi ke nan. Duk garin nan ana yabon haɗin kan 'yan bayan Damisa, ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi mai ganga.

Wasa shida ya rage. Mu ne na tara cikin goma sha biyu, biyun ƙarshe za su faɗa rukuni na biyu. Koci ya ce in muka faɗi an gama da Damisa, 'yan wasan kirki duk watsewa za su yi zuwa wasu unguwanni. Na san gaskiya ya faɗa. Na ga yadda aka yi da wasu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Uku da nema. A filinmu.

Na zauna a wurina hannu rabbana. Ƙwallo ta farko ina kallon lamba tara ɗinsu yana zamewa ta bayan Matiyu, hannuna ya ɗaga da kansa ya sauka a kan cinyata. Har yanzu wurin na zafi.

Filin ma tsit, kamar gidan makoki. Kana jin numfashin 'yan wasa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

A majalisa kowa ya zama koci. Joda mai nama, wanda rabonsa da gudu tun yana firamare, shi ne kan gaba. Wai a koma mutum uku a baya. Wai Matiyu ya tsufa, a ba shi kujera da carbi. Wani ya tuna masa Matiyu coci yake zuwa, ya ce to a ba shi kujerar kawai. Wani ya ce golanmu ne hannunsa kamar an shafa man gyaɗa. Wani ya ce asiri aka yi mana a ragar gabas.

Ni dai ina gefe ina juya shayi. Joda ya ce, "Kai Jibo yau ba ka da formeshan ne?" Na ce ba ni da shi. Da na buɗe baki da na faɗi abin da bai kamata ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Mun gwada ihu. Na yi ta kwarara "Gaba!" har muryata ta dushe, ashe rabin filin ma abin da suke cewa ke nan, Matiyu bai san nawa daga na wasu ba. Bayan hutun rabin lokaci muka gwada jar hula, in ɗaga su taka. Mutum ba ya kallon ƙwallo da hula lokaci guda. Yana kallona aka wuce shi.

Biyu da ɗaya. Mun koma na goma sha ɗaya.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Matata Suwaibatu ta shanya kuɓewa a kan Goggo. Na yi faɗa fiye da yadda abin ya kai. Ta ce, "To Baban Bushra, tunda ba ta aiki ai gara ta yi wani amfanin." Ta kuma ce in ina cin abinci yatsuna ba sa barin gefen faranti, kiɗa nake yi ban sani ba. Ƙarya ne. Na lura yau, gaskiya ne.

Dutsen guga biyu na ƙona wa mutane a makon nan. Hankalina ba ya shago.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Koci ya tara mutum tara a bakin raga. Joda ya ce wannan ba ƙwallo ba ce, gadi ne. Karon farko da na yarda da shi.

Maki ɗaya ba zai fitar da mu ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Na samo mafita.

Bayan katangar filin ta yamma akwai wani bene da ba a gama ba, ba rufi, ba ƙofa. Na hau yau da rana na duba. Daga sama ana ganin layin baya fes, har ya fi bencina. Kwamiti sun ce kar a shiga fili da ganga. To ba fili zan shiga ba.

Na gaya wa Matiyu a wurin atisaye. Idonsa ya yi haske, ya ce, "Yaya Jibo, ka ceci gwiwana." Ya tambaya ko Koci ya sani. Na ce a bar shi tukuna, malamin makaranta ne, zai fara kawo doka. Abdulrazak kuwa in ya ji, hanawa zai yi tun kafin in rufe baki.

Ba zan yi kiɗa ba, kar a gane da wuri. Bugun alama kawai, lokacin da ya dace.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Me na yi?

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Bari in rubuta yadda ya faru, ko zai bar kaina.

Na kai Goggo benen tun kafin la'asar, a keke, na lulluɓe ta da zanen gado. Filin ya cika, don da Walƙiyar Madaki muke. Minti goma sha biyu ban taɓa ta ba. Sai ga ɗan gabansu ya fara laɓewa, ɗan tsakiyarsu ya ɗaga kai zai saki ƙwallo. Na ɗaga sanda na sauke da duk ƙarfin wata guda.

Ban taɓa buga ta a cikin kangon gini ba. Bangon ya karɓi ƙarar ya ninka ta. Ni kaina sai da na firgita.

'Yan bayanmu huɗu sun taka gaba, tare, kamar da. Su kaɗai. Kowa da kowa ya watse. Alƙalin wasa ya yar da usur ya kwanta. 'Yan kallo suka yi ƙofa, ƙofar kuma ɗaya ce tun da aka fara bincike. Ina sama ina kallo, mutane suna hawa kan mutane, takalma na tashi. Na yi ta ihu, ni ne, ganga ce, ni ne Jibo! Wa zai ji ni?

Matiyu da sauran ukun suna tsaye a layi a tsakiyar fili, hannunsu a sama suna neman satar gida, mai tuta kuwa ya riga ya haura katanga.

Ba wanda ya mutu, alhamdulillahi. Wasu sun gurɗe, wani ya karye a hannu. Amma Adda Mairamu, mai soya awara a bakin ƙofa, jama'a sun bi ta kan kaskonta. Man ya zube mata a ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa.

Abdulrazak ne ya hau ya same ni. Na ɗauka duka zan sha. Ya dube ni, ya dubi gangar, ya ce, "Jibo, yarana biyu suna cikin filin nan." Ya sauka. Da ma ya doke ni.

Talata, 2 ga Disamba

An ba Walƙiya maki uku. Ni an hana ni shiga wasa ɗaya. Na ɗauka za a kai ni gaba, dattawan unguwa suka shiga maganar aka tsaya a nan.

Koci Cornelius ya zo shago. Bai zauna ba. Ya ce, "Malam Jibrilla, da ka gaya mini, da na ce a sanar da mutane. Magana ɗaya ce kawai." Na ce ai da an sanar da an hana. Ya ce, "To yanzu fa?"

Majalisa ban je ba. An ce Joda yana ta kwaikwayon yadda alƙalin wasa ya kwanta, ana dariya. Mutanen garin nan da sun tsira sai dariya.

Juma'a, 5 ga Disamba

Kwana huɗu ina ɗaukar hanyar gidan Adda Mairamu ina juyowa. Yau Suwaibatu ta saka mayafi ta ce muje, ta sa ni gaba kamar ɗan makaranta.

Tana kwance a tabarma, ƙafar a naɗe a kan matashi. Na durƙusa, duk abin da na shirya faɗa ya gudu. Ita ce ma ta fara, ta tambayi Bushra da ƙannenta. Na ce Adda ki yafe mini. Ta ce wallahi lokacin ko zafin man ba ta ji ba, sunan 'ya'yanta take kira ɗaya bayan ɗaya, tana tunanin wa zai riƙe su. Sai can aka ce mata ai gangar Jibrilla ce.

Ta ce, "Da aka ce kai ne, hamdala na yi ta yi. Alhamdulillahi da kai ne."

Na rasa inda zan sa fuskata.

Asabar, 13 ga Disamba

Daga shago na ji ihun. Mun ci ɗaya da nema, fenariti. Wai golanmu mai man gyaɗa shi ne gwarzon wasa.

Na goma muke yanzu. Wasan ƙarshe ranar ashirin da bakwai, da Shahon Bolari, su ne ke bayanmu da maki ɗaya. Canjaras ya ishe mu. In suka ci, mu ne a ƙasa.

Lamba tara ɗinsu ɗan shekara sha tara ne, gudu kamar an kunna masa wuta. Matiyu zai kama shi? Da wace ƙafar?

Laraba, 17 ga Disamba

Abin mamaki. Koci ya je gaban kwamiti ya ce abin da ya firgita mutane rashin sani ne, ba ganga ba. Magoya bayan ƙungiyoyi da yawa ma sun gaji da kallon ƙwallo kamar ana zaman ta'aziyya. An yarda a wasan ƙarshe a shigo da Goggo, a kwance fatar gefe ɗaya a bakin ƙofa a duba ciki, a sanar da lasifika, in buga sau ɗaya kowa na gani kafin a take wasa.

Na samu abin da nake nema tun watan jiya. Ya kamata in yi murna. Ina jin na yi.

Na ɗaure fatar, na shafa mata mai, na ajiye a rana.

Litinin, 22 ga Disamba

Yau ma. Wata tashar. Mutane da yawa.

Joda bai buɗe teburinsa ba, ƙaninsa yana lodi a can. Sai bayan la'asar aka same shi, da ransa. Kunnensa ɗaya ba ya ji.

Laraba, 24 ga Disamba

An ce a ɗage wasan, an ce kar a ɗage, ƙarshe dai ba a ɗage ba. Wai in aka daina komai su suka ci.

Matiyu ya kawo dutsen guga gyara. Na jona, lafiyarsa ƙalau. Ya zauna a benci yana murza gwiwa. Ya ce wannan ne wasansa na ƙarshe, matarsa da likita sun haɗa baki. Ya ce, "Shekara sha biyu ina sa rigan nan. Kar a ce a hannuna Damisa ya faɗi. Yaya Jibo, kai kawai ka zama idona, sauran ka bar mini."

Na ce in sha Allahu.

Alhamis, 25 ga Disamba

Matar Matiyu ta aiko da shinkafa da cincin. Yara sun cinye. Ni na kasa.

Asabar, 27 ga Disamba

Ɗaya da nema. Mun faɗi.

Lahadi, 28 ga Disamba

An yi komai yadda aka tsara. Abdulrazak da kansa ya zura hannu cikin Goggo, ya haska da tocila, ya ce shiga. Na hau bencina na da. Aka yi shiru na minti ɗaya don waɗanda suka rasu. Sai mai lasifika ya faɗa har sau uku: jama'a, za a buga ganga, ganga ce, ku dubi saman benci, ga Jibrilla can. Duk filin suka juyo suna kallona. Na ɗaga sanda sama kowa ya gani. Na buga, ba ma da ƙarfi ba.

Sun sani. Suna kallon hannuna. Duk da haka filin gaba ɗaya ya zabura. Kafaɗu suka ɗaga tare. Wani dattijo a ƙasana ya dafe ƙirji. Abdulrazak, ƙato kamar ƙofar gari, ya sunkuya ya miƙe da sauri yana gyara hula. Joda na gefena ya damƙi hannun ƙaninsa, shi ƙanin yana ta waige-waige don bai san ta wane gefe ƙarar ta zo ba. Sannan aka yi dariya, irin wadda ake yi don kunya.

Aka take wasa. Na ɗora sandar a kan fata ban kaɗa ba. Na ce bari sai ta kama dole.

Matiyu ya yi wasan da ban taɓa ganin ya yi ba. Da kai, da ƙirji, da faɗuwa. Sau biyu yaron ya zame masa, golanmu ya fito ya share. Kowane karo Matiyu sai ya ɗago ya dube ni. Na yi kamar ina gyara igiya. A hutun rabin lokaci Koci ya aiko a tambaye ni lafiya. Na ce ban ga wadda ta isa bugu ba tukuna.

Saura minti bakwai, ba ci. Mutane sun fara sakin jiki, ana ihu, ana zagin alƙali, kamar shekarun baya. Wani mutum a gabana ya ɗora 'yarsa a wuya tana tafi. Sai na ga abin yana zuwa, tun daga tsakiyar fili. Lamba tara ya laɓe a kafaɗar Matiyu ta hagu. Ɗan tsakiyarsu ya ɗaga kai. Taku ɗaya gaba, yaron ya shiga satar gida da kamu guda, mai tuta yana daidai layi. A shekara huɗu ban ga wadda ta fi ta sauƙi ba.

Na ɗaga sanda.

Ba wanda ke kallona a lokacin. Duk sun ba ni baya, sun manta da ni, sun manta da komai.

Ban buga ba. Ƙwallo ta wuce. Matiyu ya juya da gwiwar nan, ya bi yaron taku biyar ya faɗi. Sauran ba sai na rubuta ba.

Da aka tashi ya zauna a ƙasa ya cire ƙyallen kyaftin. Na sauko da Goggo a baya, dole ta gabansa zan wuce. Ya ce, "Ka gani?" Da na ce ban gani ba da ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda. Na ce na gani. Ya daɗe yana kallona, sannan ya kalli mutane suna fita ta ƙofa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ba mai tura wani. Ya miƙo hannu na ɗaga shi. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba.

Talata, 30 ga Disamba

'Yan wasa uku sun riga sun koma Walƙiya. A majalisa an raba laifi: Koci, gola, gwiwar Matiyu, mai tuta. Joda ya ce da an ji tasa an sa mutum uku a baya da ba haka ba. Nawa kason, tunda yanzu kowa ya san sirrin Goggo, wai tsufa ya fara taɓa mini ido. Na ce haka ne, rana ce ta haske ni.

Fanka huɗu na gyara yau, ba wadda ta dawo. Na ci tuwo na ƙara.

Koci ya biyo da yamma. Ya ce ko da mutum sha ɗaya ne zai fita rukuni na biyu, can ba katanga ba bincike, in zo da Goggo mu fara daga farko. Na ce fatar ta saki tun da aka kwance ta a ƙofa, sai an samu wata, kuma fata mai kyau tana wuya yanzu. Ya ce to, in an samu.

Bayan ya tafi na shiga ɗaki na duba. Fatar lafiyarta ƙalau. Na taɓa ta da tafin hannu, a hankali, yadda ko Suwaibatu da ke tsakar gida ba ta ji ba.